Kwabban Habu Ba Na Sikeli Ba Ne

A daminar nan da muke ciki aka cika shekara talatin da takwas da muka kai Habu mai sikeli makwancinsa a Panshekara. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in rubuta, don ni da lissafi ba mu taɓa shiri ba. Karatuna gaba ɗaya wata takwas ne a ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi a bencin baya. Don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Abin da zan faɗa kuwa, ba na neman haƙurin kowa a kansa.

Habu bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar keke da rediyo, da mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da wani babban gwangwanin madarar gari cike da tsofaffin kuɗin da ko ƙosai ba za su saya maka ba. Gwangwanin nan shi ne maganata yau. Tun yana da rai har bayan ransa, mutane ba su daina son a juye abin da ke ciki a sikeli, a auna, a zuba a wuta a narkar ba. Shi ya ƙi. Da ya tafi kuma sai ƙin ya faɗo a kaina, ni da na fi kowa yi wa gwangwanin ɓarna.

Gidan haya ɗaya muka zauna, ɗakina na jikin nasa. Shi mutumin ƙasar Damagaram ne, yunwa ta koro shi Kano yana saurayi, ya samu aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Ni kuma ina wani kamfanin tukwane da kwanukan silba a Sharada, a sashen gogewa. Aikina in riƙe kwano in danna shi jikin wani faifan tsumma da inji ke juyawa, har sai mutum ya ga haƙoransa a ciki. Na iya aikin nan, ba yabon kai ba. Tanko Ƙyalli ake ce da ni. Da safe mukan fito da kekunanmu tare mu rabu a mararraba, da yamma kuwa ba na bukatar in leƙa in san ya dawo, warin jima ne ke riga shi yin sallama. In na tsokane shi sai ya ce gara shi, warinsa na fita da sabulu, ni kuwa surutuna ba shi da magani.

Aikinsa awon ƙiraga, wato fatun shanu. A ɗora, ya dubi allura, ya faɗi nauyi, a sauke. Wuni guda. Sai ka za ci mutumin da ya daɗe a gaban sikeli zai fi kowa yarda da shi. Ina. Habu ya ce da ni tun makonsa na farko ya gane sikeli rabin gaskiya yake faɗa. Don a gefensa akwai wani dattijo mai zaɓe, wanda ke shimfiɗa kowane ƙirgi ya bi shi da tafin hannu, ya ɗaga shi ga haske. Ƙirgi biyu nauyinsu ɗaya, wannan lamba ɗaya, wancan a jefa shi gefe, don mai fiɗa ya zame da wuƙa ko makiyayi ya ɗora masa tabon wuta a tsakiyar baya. Sikeli bai san wuƙa ba, bai san tabo ba. Da idon dattijon nan Habu ya koyi kallon duniya, har ya kai ga kuɗi.

Abin ya faro ne shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Kowa na rububin kai tsohon kuɗinsa banki a canza masa. Habu na cikin layi sai ga wata tsohuwa an koro ta da ƙullin zane, wai nata sun tsufa da yawa, na zamanin Turawa ne, an daɗe da daina karɓarsu. Ta zauna a gindin bango tana sharar hawaye. Ya tsuguna ya kwance ƙullin: anini, dari, kwabo, duk masu huji a tsakiya da tauraro, ga taro da sisi da sulalla sun yi baƙi ƙirin. Ya ba ta abin da ya zo canzawa ya karɓi ƙullin. Tausayi ne ya sa shi, ba wayo ba, shi da kansa ya faɗa. Amma da ya zo gida ya baza su a tabarma, sai ya ga kowanne da shekararsa a jiki. Habu bai iya Turanci ba, amma lamba da baƙaƙen boko ya san su sarai saboda aikin awo. Ya fara jera su shekara bayan shekara, ya ga akwai gurbi, ya shiga neman na cikewa. Shi ke nan, ciwo ya kama shi.

Ya bi tsofaffin mata yana musaya da goro. Ya bi teloli yana kakkaɓe musu akwatin maɓalli. Kafintoci a lokacin suna zura ƙusar rufi a hujin kwabo don kada kwano ya yage, sai Habu ya riƙa sayen 'yan faya-fayan ƙarfe masu huji na kanti yana kai musu, su ba shi kwabban. Unguwa ta sa masa ido. Matarsa Hajara ta ce ta auri mai awo, ta wayi gari da mai tsince-tsince. Ni ma ban bar shi ba, kullum sai na tambaye shi yaushe za mu sayi mota da anini.

A Bompai akwai wani Alhaji da ke baza kayan zamanin da a ƙofar wani otal yana sayar wa baƙi: takubba, tagulla, duwatsun wuya. Yana da wani yagaggen littafi mai hotunan kuɗi, da gilashin ƙara girma. Ran Lahadi Habu kan tuƙa keke tun daga Panshekara har can, ya zauna a gefen tabarmarsa. A nan ya tabbatar da abin da zuciyarsa ta riga ta raya masa. Akwai shekarar da aka buga kuɗi kamar ƙasa, akwai wadda aka buga kaɗan. Akwai wani ɗan harafi a ƙasan bishiyar da ke bayan sule, bai fi ƙwayar gero ba, shi ke nuna gidan da aka buga shi, kuma sulalla biyu masu shekara ɗaya sai harafin nan ya raba su nesa. Akwai wanda ya sha hannu har sarkin da ke jiki ya zama inuwa, akwai wanda aka binne tun yana sabo, gashin gemun sarki ma sai ka ƙirga. Sannan duk wannan banza ne in babu wani can a wata ƙasa da ke da gurbi a nasa jerin yana neman cikewa.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne yadda yake raina liyari. Matasan yanzu ba su san ta ba: babbar azurfa ce mai nauyi, mai hoton wata ƙatuwar Baturiya, wadda iyayenmu mata ke ratayawa a wuya ranar biki. Duk wanda ya leƙa gwangwanin, ita yake fara ɗauka. Habu sai ya ce a duba shekarar. A ɗauko goma, shekararsu ɗaya. Ya ce an yi ta buga ta ne ana maimaita tsohuwar shekara, ba mai iya cewa wannan ta girmi waccan, don haka darajarta nauyinta, ranar da azurfa ta tashi ta tashi, ranar da ta faɗi ta faɗi. Sai ya zaro wani kwabo mai huji daga ƙyallensa, wanda ko ɗigon azurfa babu a jikinsa. Sunan sarki ne a fuskarsa, amma a shekarar da aka buga a bayansa, sarkin ya shekara huɗu a kabari, 'yarsa ce ke mulki. Wani ma'aikaci ne a gidan buga kuɗi ya haɗa tsohon hatimi da sabo, kafin a farga kaɗan sun fita. Habu ya ce kwabon nan ya fi liyari biyar. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni na fi kowa.

Yanzu bari in zo kan nawa abin kunyar, don in ban faɗa ba wasu za su faɗa, kuma za su ƙara gishiri.

Mahaifiyarsa ta rasu, ya tafi gida da iyalinsa na mako biyu. Ya bar mini gwangwanin amana, ya ce in sa a ƙarƙashin gado kada in ba kowa. Ban ba kowa ba. Amma bai ce kada in buɗe ba. Na buɗe, na ga sulallan nan baƙi wuluk kamar gindin tukunya, raina ya sosu. A gidajenmu wace mace ce za ta bar munduwarta haka? Toka da lemon tsami, a dirje har ta yi haske. Ga ni kuma, duk Sharada ba wanda ya kai ni fitar da ƙyalli. Na ce abokina na cikin baƙin ciki, bari in yi masa abin da zai dawo ya yi murmushi. Na zaɓi goma sha huɗu mafiya baƙi na zuba a aljihu na tafi da su kamfani. Kwana biyu a hutun rana ban ci abinci ba, ina tsaye gaban faifai da filaya a hannu. Wallahi sun yi kyau. Gemun sarki dai ya tafi, ganyen bishiya ya shafe, ɗan harafin nan ko alamarsa babu, amma in ka ɗaga ɗaya ga rana sai ka runtse ido.

Da ya dawo, bayan na yi masa gaisuwa, na shimfiɗa su a farin ƙyalle ina jiran godiya. Ya ɗauki ɗaya ta gefe, ya juya gaba, ya juya baya. Ya daɗe.

"Tanko, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne, kuma ba sai ya biya ni ba.

"Sannu da aiki," in ji shi. "Ka mai da su azurfa."

Na ce ai da ma azurfa ce.

"Da can sulalla ne, kowanne da shekararsa da abin da ya gani. Yanzu dai azurfa ce."

Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin daɗi. Washegari ya ce in raka shi cikin gari wajen maƙeran fari, masu ƙera zobe da munduwa. Ya sa ni na ɗora su a sikeli da hannuna, na tsaya ina kallo aka zuba su a kasko. A hanyar dawowa ya gaya mini biyu daga ciki shekara uku ya yi yana nemansu, kuma baƙin da na kankare shi ne shaidar cewa ba wanda ya taɓa su tun da aka ajiye. Sannan ya yanke mini hukunci: duk ranar Lahadi da la'asar in zo in zauna, sai na san kowane kuɗi da ke gwangwanin nan kamar yadda na san 'yan ɗakinmu. Ya ce tunda hannuna ba ya jin magana, gara a cika kaina. Na fi shekara biyu ina wannan makarantar, kuma ita kaɗai ce makarantar da na gama.

Ba a daɗe ba azurfa ta yi wata irin tsada a duniya, ana shirin shiga shekarun tamanin. Masu saye suka bazu har ƙofar kamfanoni da 'yan sikelinsu a jaka, ranar albashi da ba ranar albashi ba. Mata suka fito da kayan kakanninsu. Abin da aka narkar a Kano a 'yan watannin nan, Allah kaɗai ya sani. Kowa ya san da gwangwanin Habu, don haka suka yi masa caa. Heluman sashensu, wato shugaban leburori, ya kira shi gefe ya ce wannan dama ba ta dawowa. Hajara ta daina yi masa magana kwana uku. Wani mai saye ya biyo shi har gida ya ajiye sikeli a ƙofar ɗaki. Habu ya dubi sikelin, ya ce allurarsa ta karkace, ya gyara masa ita kyauta, ya raka shi bakin hanya. Ya ce da ni duk sule ɗaya da aka narkar a garin nan, nasa ya ƙara zama shi kaɗai. Su suna murna farashi ya hau, shi yana ƙirga abin da ya ragu a duniya.

Kada wani ya ce mutumin ya bar iyalinsa da yunwa don son tarkace. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, kamfanoni suka rasa kayan aiki, aka manna takardar sallama a ƙofa, sunan Habu na ciki. Ya koma sayar da rake a bakin ƙofar da ya shekara goma sha biyar yana shiga. Duk lokacin da tukunya ta gagara ɗorawa, sai ya ɗauki liyari ɗaya ya kai wa maƙera, ko waiwayenta ba ya yi. Ya ce don irin wannan ranar aka yi ta. Amma 'yan baƙaƙen nan ƙanana da masu huji, ko da tari ya kama shi yana kwance, bai bari an taɓa ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Challawa da Sharada yau. Da yawa daga kamfanonin da muka sani ciyawa ce a ciki. Injunan da aka yo jigilarsu daga ƙetare, waɗanda mutum ke shekara kafin ya san halinsu, masu sayen tsohon ƙarfe sun yanka su da wuta sun ɗora a sikeli, kilo kaza. Ba wanda ya tambaya wace ƙasa ta ƙera, ko akwai irinsa a wani wuri. Kwabban naira ma da suka kori nasa, su ma an kore su, yaro ɗan shekara ashirin bai taɓa sayen komai da ƙarfe ba. Ina jin mutane a majalisa suna duba farashin zinariya a waya safe da yamma kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ban ce laifi ba ne. Zinariya da azurfa ma'ajiya ce, kuma Habu bai taɓa musun haka ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce ba wata daraja sai wadda allura ta nuna. Ina jin da yana nan da ya zauna, ya bar ni ni in yi ta faɗa, kamar yadda muka saba.

Bayan sadakar arba'in ta Habu aka zauna rabon gado a tsakar gidan hayarmu. Yayansa Mati ya zo daga ƙauye, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya biya cikin gari ya ɗauko maƙerin fari da sikelinsa. Limamin unguwa ne mai rabo. Hajara tana takaba, tana zaune a bayan asabari. 'Yan matan, Binta da Ladi, ba wadda ta kai shekara goma sha biyu. Liman ya yi bayani: tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, na matar, kashi biyu cikin uku na 'ya'ya, abin da ya rage na Mati. Aka yi wa keke da rediyo kuɗi ba gardama. Sai aka zo kan gwangwani.

Maƙerin ya kama gindinsa ya juye a tabarma kamar mai zubar da tsakuwa. Ƙyallayen da Habu ya naɗe kowanne a ciki ya warware ya watsar. Ya tura masu huji gefe da bayan hannu, ya ce waɗannan ko kyauta ba ya so. Sauran ya tara wuri ɗaya. Mati ya ce a auna duka a sayar masa yau, rabon yaran a saya musu awaki a ƙauye, su haihu su yaɗu. Ba mugu ba ne Mati. Mutum ne da ya ga fari da idonsa, akuya ya sani, ita ce bankinsa. Liman ya gyaɗa kai, mutane suka ce wannan shawara ce.

Ni ba magaji ba ne, ba ɗan'uwa ba, ba malami ba. An kira ni ne don in kawo tabarma. Amma na ji bakina ya buɗe. Na ce Allah gafarta Malam, akwai magana. Na ce abin da ke gaban nan ba duka ne na awo ba, akwai waɗanda in aka kai wa wanda ya sani, ɗaya zai ninka nauyinsa sau da yawa. Mati ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi na kusa da shi ko ni ne Tankon da ya aske wa sarkin Ingila gemu. Ashe labarin ya kai har Damagaram. Tsakar gida ta ɗauki dariya, a gidan makoki. Na bari suka gama.

"Ni ne, Yaya Mati. Shi ya sa na sani."

"Malam Tanko, azurfa azurfa ce."

"To in haka ne, ba ruwanka da wadda ta faɗo a rabonka, in dai nauyi ya cika?"

Ya ce ba ruwansa, amma in da hali a ba shi manyan. Na juya wajen liman na ce a shaida, na gaya masa ƙananan sun fi daraja, har da wani kwabo a cikin waɗanda aka ture gefe, kada gobe a ce na cuce shi. Sau uku na maimaita. Sau uku Mati ya ce ya ji, ya yafe, masu huji ma a ba yara su yi wasa. Amma ya tsaya kan cewa rabon 'yan matan ma a sayar, don shi ne uba a yanzu.

A nan ne aka ji murya daga bayan asabari. Hajara, wadda ta shekara goma sha huɗu tana tsine wa gwangwanin nan.

"Allah gafarta Malam, rabon 'ya'yana ba zai shiga wuta ina numfashi ba. A bar musu yadda ubansu ya bari. In sun girma su ƙona da hannunsu."

 Liman ya ja carbi, sannan ya ce dukiyar maraya in ba lalacewa take yi ba, ba dole a taɓa ta, kuma uwa na nan. Daga baya na tambayi Hajara me ya juya mata rai. Ta ce ita har yau ba ta san amfaninsu ba, ta dai hango yadda maƙerin nan ya watsar da ƙyallayen da ita ta yanka daga tsohon zanenta, sai ta ji kamar Habu aka watsar.

Aka ce in zaɓi waɗanda za a auna wa Mati. Na durƙusa gaban sikeli. Na ɗora liyarin da suka rage, Mati na murmushi. Na ɗora waɗanda suka suɗe, da waɗanda aka taɓa hudawa aka rataya. Allura ta matso, amma ba ta kai ba. Saura kaɗan, kuma marasa amfani sun ƙare. Dole in ba da ɗaya daga cikin na kirki. Fataka biyu ne a hannuna, wato masu sule bibbiyu, shekararsu ɗaya, ɗaya da harafi ɗaya babu. Habu ya gaya mini wadda ta fi wuyar samu, na san ya gaya mini, har ina ganin bakinsa yana faɗa. Amma a wannan lokacin kaina ya zama fanko. Maƙeri na cewa in yi sauri rana na yi. Na rufe ido na ɗora ta hannun hagu. Allura ta tsaya. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma ban taɓa yarda na tambaya ba.

Shekaru suka wuce, 'yan mata suka yi aure, uwarsu ta raba musu kafin ita ma ta bi mijinta. Wata rana Ladi ta zo ta same ni, masaƙar da mijinta ke aiki ta rufe, ga yara. Kwabon nan mai sunan mataccen sarki a rabonta ya faɗo. Ta ce Baba Tanko, in na sayar na ci amanar Baba? Na ce ubanki bai taɓa cewa kada a sayar ba, cewa ya yi kada a sayar wa wanda bai duba ba. Alhajin Bompai ya daɗe da rasuwa, sai muka shiga neman wani. Na farko da muka samu, kafin ta gama kwance ƙyalle ya jawo sikeli. Na ce tashi mu tafi. Na biyu ya jefa shi sama ya cafe, ya faɗi kuɗin da bai kai na motar da ta kawo mu ba. Na ce tashi mu tafi. Ladi ta fara ƙunƙuni, ta ce ƙafarta ta gaji kuma ni tsoho ne mai rigima. Na ce an daɗe da sani. Na uku wani mai shago ne shiru-shiru. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya riƙe shi ta gefe, ya ɗauko gilashi. Ya dubi gaba, ya dubi baya, ya sake duban gaba. Sannan ya ɗago ya tambaye ta wane ne ya ajiye wannan. Ta ce mahaifinta. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya san abin da yake yi. Da kuɗin kwabon nan ɗaya, mai huji, wanda maƙeri ya ce ko kyauta ba ya so, ta sayi keken ɗinkin da ta riƙe gidanta da shi.

Ba don kuɗin na kawo wannan ba. Da mai shagon ya ce bai kai komai ba, da ban canza ra'ayi a kan Habu ba, sai dai in ce shi ma bai iya duba ba. Azurfar Mati ta zama mundaye, mundayen aka sayar wata shekarar wahala, aka sake narkarwa, yau tana iya yiwuwa tana hannun wata amarya ko a haƙorin wani Alhaji, ba mai iya nuna ta ya ce ga ta. Ta yi amfaninta, ban raina ba. Na Binta kuwa suna nan a Dorayi, ba ta sayar da ko ɗaya ba, kuma kowanne in ka ɗauka akwai irinsa kaɗan ne a duniya, ko babu.

Mu ma'aikatan wancan zamani a tsibi aka ɗauke mu, a tsibi aka sallame mu. Takarda ɗaya, suna ɗari. Ba wanda ya ɗaga ɗayanmu ga haske ya ga daga ina ya fito, me ya iya, ko akwai irinsa. Habu ya ƙi yarda a yi wa kwabo haka, ni kuma muddin ina iya riƙe biro ba zan yarda a yi wa Habu haka ba. Ba ɗaya daga cikin leburorin Challawa ba ne. Habu ne, guda ɗaya aka yi, kuma ba a sake ba.

Allah ya jiƙansa da Hajara, ya haskaka kabarinsu, ya sa in tamu ta zo mu cika da kyau.